Ranar da na kai Kawu fadar da aka yaye wa rufi

Kawu ya zo Ingila ne saboda bikin yaye mu. Da aka gama ɗaukar hotuna da hular nan mai kusurwa huɗu, sai ya rage masa kwana biyar, mu kuma ba mu san abin da za mu yi da su ba. Na kai shi manyan kantunan tsakiyar Birmingham, bai ce uffan ba. Na kai shi babban ɗakin karatun birnin, ya ɗaga kai ya ƙare masa kallo, ya ce ƙarfe ne da gilashi, duk mai kuɗi zai iya. Mutum ne da ya fi shekara talatin yana aikin gini. Ya fara da cuɗa ƙasa da dunƙula tubali a hannun mahaifinsa a cikin birnin Kano, ya ƙare yana duba aikin 'yan kwangila a wata ma'aikata. Ranar Alhamis da daddare muna shan shayi ya ce, "Kai ɗan boko, wai su mutanen nan ba su da tsohon gini ne? Ina kakanninsu suka zauna?"

A daren na zauna da waya ina lalube. Tsofaffin fadoji a ƙasar nan ba su ƙirguwa, amma wasu an mayar da su wajen wasan yara, da 'yan wasan kwaikwayo sanye da sulke suna ihu. Na san Kawu ba zai jure wannan ba. Sai na zaɓi Ludlow, su suna furta shi kamar "Ladlo", wani ƙaramin gari a gundumar Shropshire, dab da iyakar Wales. Dalili biyu ne: jirgin ƙasa yana tsayawa a garin, kuma kasuwa tana ci a bakin ƙofar fadar ranakun Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Juma'a ta masallaci ce, don haka muka tsayar da Asabar.

Na sayi tikitinmu a waya, na tafiya da dawowa. Daga Birmingham ba a zarcewa, sai an sauya jirgi, ko dai a Shrewsbury ko a Hereford. Muka bi ta Shrewsbury, tafiyar kamar awa guda. Da muka sauka Kawu ya hango wata jar ganuwar dutse a saman tashar, ya gyara hularsa ya ce to bismillah, mun iso. Na ce a'a Kawu, wannan ta Shrewsbury ce, tamu tana gaba. Garin yi masa bayani na karanta allon jirage a gurguje, na ja mu zuwa dandamalin da ba namu ba, muna tsaye muna kallo jirginmu ya wuce ta can ɗaya gefen. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Digiri biyu." Muka zauna jiran na gaba.

A jirgi na biyu sanarwar da harshe biyu ake yin ta. Kawu ya kasa kunne ya ce wannan ba Turanci ba ne. Na ce harshen mutanen Wales ne, kuma shi ne ma asalin labarin inda za mu. A 1066 wani basarake mai suna William ya ƙetaro teku daga Nomandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Mutanen Wales da ke cikin duwatsun yamma ba su miƙa wuya ba, sai ya raba ƙasar bakin iyaka ga manyan jarumansa, kowa ya gina sansani ya tsare gabansa. Gidan de Lacy su suka samu wannan yanki, su ne kuma suka kafa fadar Ludlow kafin ƙarni na 11 ya ƙare, tana cikin na farko-farko da aka yi da dutse a Ingila. Kawu ya ce, "Ribaɗi ke nan." Na ce kusan haka. Na ƙara masa da cewa a tarihin Kano an ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, wato kusan sa'annin juna ne. Wannan ya yi masa daɗi.

Bayan mun wuce Craven Arms na nuna masa wani gida mai hasumiya a cikin fili, ana ganinsa sosai ta tagar jirgi. Stokesay ke nan, wanda wani attajirin ulu, Laurence na Ludlow, ya gina a ƙarshen ƙarni na 13. Ba sarki ba ne, ba kuma jarumi ba, gashin tumaki yake saye yana kaiwa ƙetare. Tumakin kuwa har yanzu suna nan, fari fat a kan tuddai, ko makiyayi babu.

Daga tashar Ludlow hawa ake yi. Titin Corve ya miƙe sama, Kawu yana tafiya yana tsayawa, wai yana duba gine-gine, ni kuma na san gwiwa ce. A saman hawan ya tsaya da gaske, a gaban wani otal mai suna Feathers da aka gina a 1619. Gaba ɗaya fuskarsa katako ne baƙi da aka sassaƙa, da farin shafe a tsakani, kowane bene ya ɗan turo kai ya fi na ƙasansa, ginin duk ya karkace kamar tsoho mai dogara sanda. Kawu ya ce da a wurin aikinsa ne da tuni ya sa masa jan fenti a rushe. Sai kuma ya matsa ya duba inda katakan suka haɗu, ya ga turaku ne na itace aka buga, ya yi shiru.

Muka ratsa kasuwar ba mu tsaya ba, na ce sai mun fito. A bakin ƙofar fadar akwai wata tsohuwar igwa, yara suna hawa kanta. Ta Rasha ce, an kwaso ta daga Sebastopol a yaƙin Kirimiya a 1855, ba ta da wata alaƙa da fadar. Muka shige ta ƙarƙashin ƙofar, muka biya kuɗin shiga a ɗan kantin da ke ciki. Kawu ya tambayi nawa ne, na faɗa masa, na ga leɓensa yana motsi yana juya shi zuwa naira. Na ce Kawu ku bari, in kuka fara wannan lissafin ko ruwa ba za ku sha ba a ƙasar nan. Na sayi ɗan littafin jagora mai taswira, kuma ina ba duk mai zuwa shawarar ya saya, domin ba tare da shi ba bango ne kawai a kan bango.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne fili. Na zaci za mu faɗa cikin ɗakuna masu duhu, sai ga wani makeken dandali shimfiɗe da ciyawa, ganuwa ta kewaye shi. Duka fadar ta kusa eka biyar. Wannan farfajiyar waje ce, inda barga take da kurkuku da ɗakin mai gadi, inda ake tara dawaki da mayaƙa. A can kusurwar arewa maso yamma kuma ga fada ta biyu a cikin ta farko, da tata ganuwar, da wani rami mai zurfi da aka sare a cikin dutse ya raba su. Bayanta babu buƙatar rami, domin gangare ne mai tsayi har zuwa kogin Teme. Kawu ya leƙa ramin ya ce, "To ka ga inda suka samo dutsen ginin. Sun haƙa kariya, sun kuma samu kayan aiki. Haka ake yi da ganuwa, inda ka ɗebi ƙasa nan ne gwalalonka."

Gadar dutse ce take ƙetare ramin zuwa ƙofar ciki. A saman ƙofar akwai tambarin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya da na wani Sir Henry Sidney, da shekarar 1581, da rubutu da Latin. Na duba littafin na fassara wa Kawu: duwatsun ne ake cewa su yi magana da mutane marasa godiya. Sidney ya shugabanci majalisar da ke mulkin Wales da bakin iyaka daga wannan fada tun 1560 har ya mutu a 1586, ya yi gine-gine da gyare-gyare, ya kuma ga ba a saka masa yadda ya kamata ba. Sai ya sa aka sassaƙa ƙorafinsa a dutse. Kawu, wanda ya yi shekaru yana zarya kan kuɗin sallamarsa, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Allah sarki. Ashe abin tsoho ne. Ni ma da na sani da na rubuta nawa a jikin ofishin."

Da muka shiga ciki ne aikin ya koma hannunsa. Ni da littafi, shi da ido, kuma idon ya fi littafin sauri. Babban zauren taro yana fuskantar mai shigowa, ana hawa 'yan matakala zuwa ƙofarsa, tsawonsa kamar ƙafa 60, faɗinsa 30. Ba rufi, ba daɓe, sai bango huɗu da dogayen tagogi da sararin sama. Ni abin da na gani ke nan. Kawu ya nuna mini wasu ramuka masu kusurwa huɗu a jere a jikin bangon, ya ce nan kan katakan daɓe suka shiga, kamar yadda ake jera azara, saboda haka inda muke tsaye ɗakin ajiya ne, mutanen a samanmu suke zama. A ɗakunan da ke gefe ya nuna mini murhu a maƙale can sama a tsakiyar bango, ba abin da ke ƙarƙashinsa sai iska, da wata ƙofa da ke buɗewa zuwa babu. Ya ƙirga: hawa ɗaya, biyu, uku. Ya nuna inda aka toshe tsohuwar taga aka huda sabuwa, da inda dutsen ya sauya launi, ya ce wannan hannun wani magini ne, wancan na wani, kuma tsakaninsu an daɗe. Na duba littafi, haka ne.

Ya sa farce ya ɗan kankari abin da ke tsakanin duwatsun, ya murza a yatsa, ya shinshina. Na waiga ko wani yana kallonmu. Ya ce farar ƙasa ce da yashi, ba siminti. Ya ce siminti ƙarfi gare shi amma ba ya haƙuri, in ƙasa ta motsa sai ya tsage, wannan kuwa yana bin ginin yana numfashi. Sai ya tsaya a tsakiyar zauren, ya ɗaga kai, ya yi tambayar da ya yi ta maimaitawa har muka fita: "To wa ya cire rufin? Wane sarki ne ya ci su?"

Na ce ku bari mu je a hankali, masu gidan suna da yawa.

Wanda ya fi barin hannunsa a ginin shi ne Roger Mortimer. Ta hanyar aure ya samu fadar, ya auri magajiyarta Joan de Geneville a 1301. Ya yi wa Sarki Edward na biyu tawaye, aka kulle shi a Hasumiyar Landan, ya tsere a 1323 ya gudu Faransa. A can ya haɗa kai da matar sarkin, Sarauniya Isabella, suka dawo da runduna a 1326 suka tumɓuke mijin. Shekara uku da wani abu Mortimer ne ke juya Ingila, har ɗan sarkin ya yi wayo ya sa aka kama shi aka rataye shi a 1330. A zamaninsa aka yi wata hasumiya da ta fi komai burge Kawu: ɗakunan kwana ne a jere, hawa-hawa, kowanne da makewayinsa a cikin kaurin bango, da magudanar da ke zubarwa waje can ƙasan ganuwa. Kawu ya leƙa ɗaya ya ce, "Shekara 700, kowane baƙo da bayan gidansa. Akwai gidajen haya da na duba bara waɗanda ba su kai nan ba."

A tsakiyar farfajiyar ciki akwai wata 'yar majami'a zagayayya kamar rumbu, ta ƙarni na 12, an kwaikwayo siffarta daga wata babbar majami'a da ke birnin Ƙudus. Bakin ƙofarta bakan gizo ne, an yi masa ado da zane mai kama da haƙoran zarto, layi a kan layi. Kawu ya daɗe a nan yana bin zanen da yatsa ba tare da ya taɓa ba. Ya ce zagayayyen gini ya fi mai kusurwa wuya, duk maginin da ya taɓa ɗora rumbu ya sani.

Labarin da ya tafi da shi gida kuwa a wajen ɗakunan arewa na ba shi. Fadar ta koma hannun Richard na York a 1425, ɗansa ya zama Sarki Edward na huɗu a 1461, ta zama ta sarauta. Edward ya aiko ɗansa, yarima mai jiran gado, ya girma a nan tun yana ɗan shekara biyu da wani abu, a hannun Anthony Woodville. A Afrilun 1483 sarki ya rasu, yaron yana da shekara 12. Aka kama hanyar Landan da shi don naɗi. A hanya Richard na Gloucester ya tare su, ya karɓe yaron, ya kama Woodville, daga baya ya sa aka fille masa kai. Aka ajiye yaron da ƙanensa a Hasumiyar Landan, Richard ya hau gadon, yaran kuma ba a sake ganinsu ba. Har yau masana tarihi suna gardama kan wanda ya kashe su, ko da yake yawanci Richard ake nuna wa yatsa. Littafin da kalma ɗaya ya kira mutanen biyu, domin Turanci bai raba ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba ba. Kawu ne ya tsayar da ni.

"Tsaya. Shi wanda ya riƙe yaron, ta ina suka haɗu?"

"Ɗan'uwan mahaifiyarsa ne."

"Shi kuma wanda ya ƙwace?"

"Ƙanen mahaifinsa."

Ya buga sandar lemarsa a ƙasa. "Ka ji ko! Kawu ya riƙe amana har aka yanka shi, baffa ya cinye gadon. Maimaita mini sunayen, zan gaya wa Baffanka."

Bai gama murnar wannan ba na ƙara masa da na Arthur, babban ɗan Sarki Henry na bakwai. An ɗaura masa aure da Catherine, gimbiyar Sifaniya, a Nuwamban 1501, aka kawo su nan cikin hunturu. Ranar 2 ga Afrilu 1502 ya rasu a fadar yana da shekara 15. Ƙanensa Henry na takwas ya auri matar a 1509. Da shekaru suka tafi ba ta bar masa ɗa namiji ba, sai ya ce auren tun asali haramun ne tunda matar wansa ce, ita kuma ta dage cewa ita da Arthur ba su taɓa zama miji da mata ba a waɗancan watanni. Fafaroma ya ƙi raba auren, Henry ya fitar da Ingila daga ƙarƙashin Roma a 1534. Kawu ya kasa gane inda matsalar take. Ya ce mace ta gama takaba, ƙanen miji ya aure ta ya riƙe gida, ina abin tayar da ƙasa? Na ce a dokarsu sai da izini na musamman, kuma a ganina Henry ɗa namiji yake nema da wata matar da ya riga ya hango, fatawar daga baya ta zo.

Babbar hasumiyar, wadda ita ce ƙofar shiga ta asali kafin a toshe ta, ana hawanta ta wata matakala mai murɗewa kamar dodon koɗi. Duhu, ƙunci, kuma tsakiyar kowane dutse ya lotsa saboda sawu. Kawu ya hau kamar ashirin ya ce ya ga abin da zai gani, ya koma ya zauna a kan benci. Duk mai zuwa ya sa takalmi mai kama ƙasa, nawa na bikin yaye ne mai santsi, da hannu biyu na riƙa dafa bango. In wani yana saukowa sai ɗayanku ya manne. Daga sama kuwa komai ya fito: kogin Teme ya naɗe gindin tudun, gadar Dinham, daji ta yamma wajen Wales, tudun Clee ta gabas da fararen ƙwallayen na'urar hango jirage a kansa. Ta gabas kuma, daga bakin ƙofar fadar, rumfunan kasuwa, da titunan garin a miƙe suna gangarawa kudu a jere kamar an ja su da igiya. An kuwa ja su, domin mutanen Nomandi ba su bar garin ya tsiro da kansa ba, su suka yanka shi fuloti-fuloti don a zo a zauna a yi ciniki a biya su haraji.

Da na sauko na tarar da shi yana kallon bangon da babu rufi, sai na ba shi amsarsa. Na ce Kawu, babu sarkin da ya ci su. An yi yaƙe-yaƙe, an ma washe garin a 1459, kuma a yaƙin basasar Ingila fadar ta miƙa wuya ga rundunar majalisar dokoki a 1646, amma ta fita da rufinta. Abin da ya riƙe ta shi ne waccan majalisar mulkin Wales: alƙalai, lauyoyi, magatakarda, masu ƙara da masu kai musu abinci. A 1689 aka soke majalisar, aka mayar da komai Landan. Ma'aikata suka watse. Daga nan aka fara ɗauke kaya, aka yaye darmar da aka rufe saman da ita, aka zare katakai, ruwa ya samu hanya. A 1811 Edward Clive, mai sarautar Powis, ɗan Robert Clive ɗin nan da ya kafa wa Ingila mulki a Indiya, ya saye kangon, kuma har yau a hannun zuriyarsa yake.

Kawu ya jinjina kai. Ya ce shi dama ya yi zargin haka, don bai ga tabon wuta ba, kuma bangon da aka rusa da gangan ba haka yake tsayawa ba. Ya ce gini ba ya tsoron maƙiyi kamar yadda yake tsoron damina uku babu mai hawa ya duba indararo. Ya ambaci wasu sassan badala da ya sani tun yana yaro, waɗanda ba Turawan 1903 ne suka cinye su ba, masu ɗibar ƙasa ne da masu neman fili.

Muka fito kasuwa wajen ƙarfe ɗaya, yunwa ta fara magana. Rumfuna ne na tanti a dandalin, kayan lambu, furanni, burodi, cuku, zuma, tsofaffin littattafai, kayan gwanjo. A nan sai mutum ya yi hattara, domin Ludlow gari ne da ya yi suna a abinci, har bikin abinci suke yi duk Satumba tun 1995, kuma abin alfaharinsu naman alade ne. Kawu ya nuna wani abu mai kama da mitfai, ya yi ja ya yi kyau. Na tambayi matar abin da ke ciki, ta lissafa: alade, tuffa, albasa, da giyar tuffa. Na fassara. Ya ce, "A'uzubillahi, haramun biyu a kwano ɗaya." Matar ta ga fuskarsa ta gane, ta yi dariya, ta nuna mana rumfar mai burodi. Wani mai cuku ya miƙo masa ɗanɗano a tsinke, cuku ruwan lemo mai jijiyoyi shuɗaye. Kawu ya duba ya ce wannan ai ya yi fumfuna, a gaya wa bawan Allah kayansa sun lalace. Na ce da gangan ake yi, kuma ya fi tsada. Muka tsaya a burodi, da cukun da ba shi da zane, da tuffa, da kwalbar zuma.

Na hana shi tayawa a wajen masu abinci, na ce a nan farashi a rubuce yake. Amma a rumfar wani dattijo mai tsofaffin kayan aiki ya ga cokalin gini mai mariƙin itace, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda aiki. Ya ɗauka ya auna a hannu, ya ƙyasta shi da farce ya saurari ƙarar. Ya ce in tambaya. Dattijon ya faɗi kuɗi, Kawu ya ajiye ya juya kamar zai tafi, dattijon ya rage, Kawu ya nuna yatsu, suka tsaya a tsakiya, suka yi musabaha. Ba su buƙace ni ba sam. Da muka matsa ya ce, "Kai da ka ce ba a tayawa."

Tsakanin dandalin da sauran garin akwai wasu 'yan lunguna a jere, matsattsu, da dogayen gidaje a tsakaninsu. Na karanta masa cewa asalin kasuwar fili ɗaya ce mai faɗi tun daga ƙofar fada, sai masu rumfuna suka riƙa kafa na dindindin, rumfa ta zama shago, shago ya zama bene, har suka cinye tsakiyar filin. Kawu ya ce wannan ba sai an karanta masa ba, ya ga yadda mai tebur yake zama mai kwantena. Muka bi ta ɗaya muka ɓulla majami'ar St Laurence, wadda kuɗin ulu ya sake gina ta a ƙarni na 15, hasumiyarta ƙafa 135. Shi ya zauna a waje, ni na leƙa. A ciki akwai alamar da ke cewa a nan aka binne zuciyar Arthur, gangar jikin kuma aka kai Worcester. Ban faɗa wa Kawu wannan ba sai da muka ci abinci.

Muka gangara ta Dinham, muka wuce gidan da aka tsare Lucien, ƙanen Napoleon, a 1811, har bakin kogi. A kan ciyawa kusa da gadar muka yi alwala da ruwan gora. Na buɗe manhajar alƙibla, ta nuna kudu maso gabas, Kawu ya ce shi dai duk rayuwarsa gabas ya sani, amma ya bi waya. Ya shimfiɗa rawaninsa na wuya, ya ja mu Azahar da La'asar. Wani kare ya zo ya tsaya nesa kaɗan yana kallo, mai shi ya janye shi yana ba da haƙuri da hannu. Daga nan ƙasa fadar ta fi ban tsoro, ganuwar ta tashi daga kan dutsen kamar tare aka halicce su, kuma ba a ganin cewa babu rufi.

Hawan komawa tasha ya ɗauke mu kusan ninki biyu na zuwa. Masu rumfuna suna ta naɗe tantuna suna loda motoci. A jirgi Kawu ya zaro cokalin ginin daga leda ya sake dubawa, na tuna masa cewa a babbar jaka za a sa shi ranar tafiya, kada a ƙwace a filin jirgi. Sai ya ce in buɗe masa WhatsApp in nemo Baffa. Ya danna ya riƙe, ya gyara murya: "Salamu alaikum, Alhaji. Muna nan wani gari wai shi Ladlo. Akwai wani labari da na ji yau, na ce lallai sai ka ji shi. Wai wani yaro ne, da kawunsa, da baffansa..."